Ƙanƙarar Siddo Ba Ta Narkewa

Siddo mai ƙanƙara na bakin kogin Gaya ya sha faɗa cewa duk duniya babu wanda ya san ƙanƙara kamarsa, har Turawan da take faɗo musu daga sama. Ai kuwa sai ƙanwarsa Nuriya da ke aure a ƙasar Suwis ta aiko masa da tikitin jirgi. Ranar tafiya gogan naka ko gaisuwa ba ya amsawa sai da ka.

Can aka kai shi wani gandun shaƙatawa a kan duwatsu, ga wata ƙololuwa ta soki gajimare, ga ƙanƙara shimfiɗe kamar kogin Kwara ya daskare. Haƙoran Sarkin Ƙanƙara suka kama kaɗawa, ya ce tasbihi yake yi. Da ɗan jagora ya ce wannan ƙanƙara ta shekara dubbai a nan, sai idon Siddo ya buɗe. Tasa da ba ta kaiwa azahar! Ashe iri ne ba su da shi a Gaya.

Ya faki ido ya ɓalli guntu, ya naɗe shi cikin leshin da Nuriya ta ba da a kai wa matarsa Salamatu, ya cusa a akwati, ya danna masa kwaɗo. Nan take ya buga wa masuntan Gaya waya ya ce sun gama kukan ruɓewar kifi. Da akwatin ya soma ɗiga, Nuriya ta yi magana, ya ce zufa ce, ƙanƙarar ba ta saba da mutane ba.

Ranar da ya sauka gida, bakin kogi ya cika maƙil, wasu har da kwandunan kifi. Siddo ya hau kan kwalekwale, ya yi jawabi, ya sa mabuɗi. Wani warin ruma ya bugi jama'a. Ya warware leshin da ya yi baƙi-baƙi, Salamatu ta ɗora hannu a ka tana salati. Ya zazzage, ya sake zazzagewa, sai ga 'yar tsakuwa ta faɗo ƙwal.

Tsoho Zakari masunci ya ɗauke ta, ya jujjuya, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Gaskiyarka, Siddo," in ji shi, "wannan kam ko jikokinka ba za su ga narkewarta ba."