Ranar da Na Tuƙa Taliya

Ba zan taɓa mantawa da kakar shekarar da kuɗin mai suka iso har garinmu Sheme ba. Dawa ta yi kyau, auduga ta fashe fari fat a gonaki, ga kamfanin wasu Turawan Italiya ya kafa sansani a bakin gari yana shimfiɗa kwalta. Duk zauren da ka wuce sai ka ji rediyo, ko ka ga sabon keke a jingine. Kowa gani yake shekarar tasa ce. Ni kuwa abin da ya hana ni sakat a wannan kakar bai wuce tukunyar maƙwabciyata Asabe ba.

Mijin Asabe kuku ne a sansanin Turawan. Shi ya koya mata dafa taliyarsu, doguwar nan mai kama da tsinken tsintsiya, a tukunya ɗaya tal, ba miya daban ba tuwo daban. Katanga ce kawai tsakaninmu, kuma tare muke zuwa ajin yaƙi da jahilci a gidan mai unguwa bayan la'asar. Ni kullum ana tsakiyar karatu nake tashi, don tuwon mutum tara ba ya jiran baƙi da wasali. Asabe kuwa sai an gama, ta tsaya hira, ta dawo gida a natse. Amma kafin a kira magariba ƙamshin albasa da tumatirin gwangwani ya tsallako katanga ya iske ni ina zufa a kan muciya.

Na yi ta daurewa har ranar da ɗiyata ta fari ta shigo daga gidan Asabe da jan mai a baki, ta ce, "Inna, mi ya sa mu kullum tuwo?" Na ce mata ta je ta wanke hannu, a hankali, yadda na saba. (Mutane suna cewa ina da haƙuri. Gaskiya muryata ce kawai ba ta da ƙarfi. Cikin yana tafasa kamar na kowa.)

Sai ga wata Litinin, na miƙe zan tafi ɗora sanwa, malamarmu, Malama Hajara, ta ce, "Ku dubi Asabe. Ba ta taɓa tashi ba a gama ba, shi ya sa ta riga ku iya rubuta wasiƙa." Alhali na riga ta shiga ajin da shekara guda. Wata daga cikin matan ta ce ai sirrin a taliya yake. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Taliya ai ba wani abu ba ce, Malama. Mun sha dafawa."

"Ashe?" in ji Malama. "To ranar Alhamis in an tashi sai mu biya mu ɗanɗana taki."

Asabe ta matso ta ce, "Yaya, in turo maki ƙulli ɗaya?"

"Bar shi, ƙanwata, akwai."

Babu. Ni ko ta murji ban taɓa dafawa ba. Washegari maigidana zai kai auduga Funtua, na roƙe shi ya sayo mini a kanti, da tumatir da kifin gwangwani. Ya dube ni ya ce, "Lafiya dai?" Na ce marmari ne.

Saura yadda ake dafawa. Taku goma ne zuwa ƙofar Asabe, amma ban taka ba. Ran Laraba na tashi daga aji da wuri kamar kullum, da na ji Asabe ta dawo na kifa turmi a bayan rumbu, na hau na leƙa ta saman katanga, uwar 'ya'ya biyar. Na ga ta soya albasa a man gyaɗa, ta zuba tumatir, ta tsaida ruwa, ta juye kifi, ta karya taliyar biyu ta jefa. Nan turmin ya motsa, na diro da sauri har na buge gwiwa. Ban ga ƙarshe ba, amma na ce a raina sauran ai hankali ne.

To ga hankalin da na yi. Na ciji taliyar na ji ta ƙwas kamar kara. Na ce abu mai taurin nan ba zai nuna haka kawai ba. Lalle Asabe ta jiƙa tata ban gani ba. Ran Alhamis tun azahar na jiƙa ta a ƙwarya kamar gero. Da la'asar ta gabato na yi duk abin da na gani, na ƙara ruwa sosai, sannan na jefa kanwa ɗan dunƙule, yadda ake yi wa wake mai gardama. Na rufe, na tura ƙaton icce ƙarƙashi, na yafa gyale na tafi aji.

Ranar na zauna har aka tashi. Har hira na tsaya yi. Ina ta satar kallon Asabe don ta ga ni ma ba na sauri.

Mu huɗu muka taho: ni, Malama, Asabe, da Hajiya Kande uwargidan mai unguwa, tsohuwar da ba ta ɓoye abin da ke bakinta. Tun daga zaure na ji ƙauri. Na shimfiɗa masu tabarma, na shige madafa na buɗe tukunya. Babu tsinke ko ɗaya. Wani abu ne mai kauri, launin ƙasa, yana huci yana ɓulɓul, ƙasan ya kama. Na tsaya ina kallonsa. Sai hannuna, da ya shekara ashirin yana abu guda, ya ɗauko muciya. Wallahi ban yi shawara da shi ba. Na tuƙa, na tuƙa, ya haɗe sumul. Tunda ya zama haka, na ɗauko mara na kwashe shi malmala huɗu a sabon kwanon samira, na kai masu.

Hajiya ta buɗe, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan tuwon mi ne?"

"Taliya ce, Hajiya."

"To ina miyar?"

"Tana ciki."

"Ita taliyar fa?"

"Ita ma tana ciki."

Malama ta gutsuri kaɗan, ta tauna, ta nemi ruwa. Hajiya ta kai loma, ta tsaya cak, ta ce, "Kanwa nike ji. Ke ɗiyar nan, wake kika ɗauke ta?" Sai ta fara dariya har tana riƙe haƙarƙari. Da ta sarara ta ce, "Wai a ina kika sha dafawar?"

Na sunkuyar da kai na ce, "A zuci, Hajiya."

Asabe ba ta yi dariya ba. Loma uku ta yi, ta haɗiye duka, ta ce, "Gishirin ya yi daidai, Yaya." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Da na rako su zaure ta bari suka yi gaba, ta rage murya: "Jiya da kin ƙara tsayuwa kaɗan a kan turmin nan, da kin ga na sauke. Ba ta kai tsawon labarun rediyo a wuta."

Ashe ta gan ni.

Abin da na koya shi ne, mai ƙyashi ba ta kallon abu har ƙarshe. Rabi take gani, ta cike sauran da girman kai. Kuma kada ku ɗauka ƙyashin ya tafi. Har yau tata ta fi tawa daɗi, kuma har yau ban faɗa mata ba.

Washegarin abin da safe na rasa da wace fuska zan shiga gidanta. Sai na kwara wa murhuna ruwa, na ɗauki kasko na tafi ɗiban wuta. Asabe ta dubi kaskon, ta ɗaga kai ta dubi tururin da ke tashi ta saman katangata. Ta jawo mini kujera, ta shiga ɗaki ta fito da rabin ƙullin taliya da albasa biyu.

Na zauna, na gyara zane, na ce, "To ita jiƙawar, ko kaɗan ba a yi?"

"Ko kaɗan, Yaya."