Rasuwar Kwamfutar Malam da Faifan da Ya Yi Ƙafa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta huce ba, ni Hadiyya, matar marigayi Malam Abdurrahim na Wagini, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki cewa Rabi'u mai gyaran waya na bakin tashar Batsari ya kashe mana kwamfuta. Kashewa na ce. Ɗiyata Ramlat da ke rubuta mini ta so ta sa "ta rasu a hannunsa", na hana ta.

Marigayiyar ta shekara tara a gidanmu, ba a taɓa jin kanta da kowa ba. In an danna ta sai ta ce "ƙit" sau ɗaya, ta yi "fuuu" kamar mai hura wuta, sannan ta buɗe ido. 'Yar wutar sola ta ishe ta. Mai riƙon amana ce. A cikinta akwai tafsirin Malam na azumi shida. A cikinta kuma akwai bidiyon ranar da ya zagaya gonarmu da dattawa uku yana nuna iyaka da sandarsa, daga aduwa har tsohuwar rijiya. Biyu daga cikin dattawan sun riga mu gidan gaskiya, na ukun ko sunan 'ya'yansa ba ya riƙewa.

Ciwonta bai wuce nawa ba, na tsufa: nauyin jiki da jinkirin tashi. Aka ce a kai ta wurin Rabi'u a sa mata sabon tsari. Da zanena na naɗe ta aka ɗora a babur. Faifai biyu ne a cikinta, ƙarami da take tashi da shi, da babba da take ajiya.

Bayan kwana uku aka dawo da ita. Ta ce "ƙit", sai fuska baƙa ƙirin da layin Turanci guda, wai ba ta ga inda za ta tashi ba. Rabi'u ya zo ya yi ta danne-danne, ya ce faifan biyu ne ke rigimar wanda zai shiga gaba, ya sauya musu layi. Shiru. Washegari ya ce tsarin ya sauka a ƙarami, makullin tashi kuma ya faɗa babba. Rana ta uku ya ce ƙura ce. Ciwo ɗaya, suna uku!

Ni ban yi boko ba, amma na yi unguwarzoma shekara talatin, hannuna ya san nauyi. Na ɗaga ta na ji ta yi sakayau. Na duba bayanta, ƙusa ɗaya babu. Sai da na tsare Rabi'u a zaure sannan ya tuna wai ya cire babban faifan ya bari a shago don ya duba lafiyarsa.

To jama'a, ku taya ni ji. Rabi'u ɗiyar Daudu yake aure. Daudu shi ne maƙwabcin gonata da ya ci mini kunya huɗu daminar bara. Saura mako biyu mu zauna gaban mai gari. Kuma da bakina, a gidan suna, na faɗa cewa shaidata tana cikin kwamfuta. Ban ce komai ba. Na dai faɗi wa ke auren ɗiyar wa.

Ta rasu ta bar allo guda, da madannai mai haƙora biyu a karye, da linzami, da batirin sola da ke zaman makoki a bayan ƙofa, sai ni.

Game da jana'iza: gawa tana zaure a lulluɓe, ana karɓar gaisuwa daga hantsi zuwa la'asar. Kada kowa ya kawo gumba. Ba a sa ranar binnewa ba, don ba a kai mamaci kabari alhali rabin hanjinsa na aljihun wani.

Ranar Asabar bayan azahar za a ɗauke ta zuwa ƙofar mai gari. Rabi'u shi zo da faifan, shi mayar da hannunsa gaban jama'a, a kunna mu ji Malam ya ce "daga aduwar nan". In faifan ya zo wayam, to shi zo da surukinsa, su gaya wa mai gari wanda ya ba da umarni da wanda ya danna.