Magidanta Bakwai da Na Kashe da Jan Biro

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na kashe magidanta bakwai a unguwarmu ta Briqueterie ba. Ban ɗauki wuƙa ba, jan biro kawai na riƙe, kuma dukansu suna nan da ransu har yau, wasu ma sun ƙara ƙiba.

Saura mini shekara ɗaya in gama lise, wato sakandare, sai malamarmu ta tarihi, wata 'yar kudu da kowa ke ce wa Madam, ta ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai shi kaɗai. Wata uku ta ba mu, ba taimakon iyaye, ba kwafowa daga intanet. Ukun da suka fi kyau za su gabatar da nasu a gaban iyaye ranar rufe makaranta. Ni kuwa a lokacin abu ɗaya nake so a duniya: Baba ya zo ya zauna ya ji ni ina magana. Baba tela ne, shagonsa na kan hanyar kasuwar Mokolo, kuma tun da na shiga makarantar nan bai taɓa taka ta ba. Kullum sai ya ce keke ba ya ɗinki shi kaɗai. Na dame shi har ya ce in na shiga cikin ukun nan zai rufe shago ya zo.

Na zaɓi tarihin tsofaffin gidajen unguwa: daga ina suka zo, su wa suka haifa, ina 'ya'yan suka bazu. Na sayi littafi mai kauri, na tsara tambayoyi goma da Faransanci, na ari tabarau na yayata (lafiyar idona ƙalau, na dai lura duk masu bincike a talabijin suna sawa). Sannan na fara bin tsofaffin mata gida-gida bayan la'asar.

Da Hajiya Ladi na fara, wata tsohuwa mai sayar da kunun gyaɗa a bayan masallaci. Ta zaunar da ni a tabarma, ta cika mini kofi, ta ce ashe yanzu 'yan jarida har cikin ɗaki suke biyo mutum. Labarin zuwan mahaifinta da fatauci ta ba ni shi tiryan-tiryan, har da sunan jakin. Sai muka zo tambaya ta shida.

Na ce, "Hajiya, lissafa mini 'ya'yanki, daga na fari har auta."

Ta ce, "Akwai Hadiza, akwai Garba, sai tagwaye, sai Talatu."

"Hadiza ce ta fari ke nan?"

"A'a."

"To wa ke gabanta?"

Sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta juya fuska bango. "Ke, bar wannan."

"Namiji ne ko mace?"

"Ki sha kununki zai huce."

Na sassauta murya yadda na ga ana yi a gidan makoki, na ce, "Allah ya ba da haƙuri, Hajiya." Ta ce amin. (Yo wa za a yi wa addu'a ya ƙi cewa amin?) Na buɗe littafina na rubuta: ɗan fari, ya rasu. Na ja masa jan layi.

Cikin tsofaffi goma sha biyun da na zanta da su, bakwai haka suka yi mini. Wata ta sunkuyar da kai, wata ta tashi wai tukunya na ƙonewa, wata ta ce yaran zamani ba su da ta ido. Ni kuwa kowace sai in yi mata addu'ar haƙuri in ja jan layi. Da na kai ta biyar, gaskiya murna nake yi, Allah ya yafe mini. Na gano abin da ba wanda ya taɓa ganowa: a da, 'ya'yan fari ba sa rayuwa a Briqueterie, saboda rashin asibiti.

Na san mai karatu ya riga ya dafe kai. Ni ma ba wai ban taɓa jin kunyar ɗan fari ba, cewa tsofaffin mata ba sa kiran sunan ɗansu na farko, ba sa ma maganarsa a gaban mutane. Na ji, kamar yadda mutum ke jin labarin zamanin da ba lantarki. Amma a gidanmu Mama daga ƙofar gida take ƙwala wa babban yayanmu kira da cikakken sunansa, har 'yan unguwar Ekoudou su ji. Kuma da na sa tabarau na riƙe littafi, sai duk abin da na sani da Hausa ya tsaya a waje tare da takalmana.

Mama ta so ta cece ni. Wata rana ta gan ni ina zana bishiyar kowane gida a babban kwali, ta ce, "Kawo in gani, ai na san gidajen nan duka." Na kife kwalin na ce, "Mama, wannan aikin kimiyya ne, Madam ta hana iyaye sa hannu." Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta koma tsintar shinkafarta.

Madam da ta karanta sai da idonta ya kawo ruwa. Ita ba Bahaushiya ba ce, ina za ta sani? Ta ce ba ta taɓa ganin ɗaliba mai zurfin kallo irina ba, ta sa ni ta farko cikin ukun. Ranar a guje na isa shagon Baba.

Ranar taro ya cika alkawari. Ya rufe shago, ya sa sabuwar jamfar da ya ɗinka wa kansa, bai ma zo shi kaɗai ba. Wani tsohon abokin cinikinsa, Alhaji Sule, babban mahauci a unguwar Etoudi, ya je karɓar ɗinki, Baba ya ce sai ya zo ya ga autarsa. Kowa Sule na Goggo yake ce masa, don goggonsa ce ta riƙe shi tun yana yaye, ni kuma ban taɓa tambayar wace ce ta haife shi ba. Suka zauna a layin gaba, Baba sai washe baki yake.

Na hau dandamali na kafa kwalina. Na yi bayani da Faransancin da na kwana uku ina haddacewa a gaban madubi, ina ɗan tsayawa a wuraren ban tausayi. Da na zo kan jajayen layukan sai na ce bari in ba da misali da gida ɗaya, gidan Hajiya Ladi, wadda har yau ba ta iya ambaton ɗanta na fari saboda baƙin ciki.

Alhaji Sule ya ɗaga hannu. Na ji daɗi, na ce ga tambaya tun ban gama ba.

Da Hausa ya yi magana, a natse. "'Yata, wace Hajiya Ladin? Mai kunun gyaɗa ta bayan masallaci?"

"Ita, Alhaji."

"Kuma ɗanta na fari ya rasu?"

"Tun yana jariri, Alhaji." (Wannan ni na ƙara daga aljihuna, don na ga ya fi dacewa da maganar asibiti.)

Ya gyaɗa kai. "To, Allah ya jiƙaina. Ni dai na san da safen nan na karya da benye da wake."

Rabin ɗakin da ke jin Hausa ya fashe da dariya, sauran rabin suna ta tambayar me aka ce, da aka fassara musu su ma suka ɗauka. Wata mata daga baya ta miƙe ta ce, "Don Allah duba mini gidan Inna Kande, maigidana ne na farinta." Na duba. Na ce, da wata 'yar murya da ban san ina da ita ba, "Shi ma an ja masa." Alhaji Sule ya juya yana yi wa Madam bayani da Faransancinsa na kasuwa, cewa shekararsa hamsin da wani abu bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba, in za ta aika masa sai ta ce a kira wancan. Ni kuwa Baba nake kallo. Ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da gudu zan shiga har in ja ta in rufe.

Da muka kusa ƙofar gida, Baba ya dube ni.

"Auta, gida nawa ne?"

"Bakwai, Baba."

"Gobe ki fara da na kusa."

Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, ba tabarau, ina durƙusawa ina ba da haƙuri. Labari ya riga ni isa ko'ina. Hajiya Ladi ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ashe kunu na ba ki kika kashe mini shi." Na ce, "Ki yafe ni, Hajiya. Yanzu dai faɗa mini cikakken sunansa in gyara." Ta ja mayafi ta juya fuska bango. Sai wajen 'yarta Hadiza na je na tambaya, abin da ya kamata in yi tun wata uku da suka wuce.

Madam ta ba ni hutu guda in sake aikin, wannan karon a kan kunyar ɗan farin kanta, kuma Mama ta karanta kowane layi kafin in miƙa. Ya fi na farko nesa ba kusa ba, sai dai ba wanda ya tafa masa, don a ofis na ajiye shi na fito. Baba bai sake zuwa makarantarmu ba. Amma har yau duk wanda ya zauna jiran ɗinki a shagonsa sai ya sha labarin nan, Baba na dariya har keke ya tsaya, ya ƙare da cewa, "Autata ce fa, tana jami'a yanzu."

Abin da na koya bai fi biyu ba. In mutum ya yi shiru, kada ka cike masa gurbin da naka biron, ka je ka tambayi wani. Kuma kafin ka sanar da mutuwar mutum a bainar jama'a, ka fara duba layin gaba.