Ranar da Na Ce Tsohuwa Ba Ta Iya Kuka Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a kwalejinmu ta garin Greensboro, can ƙasar waje, ba. Darasi ɗaya ya rage in ci in shiga karatun nas, makin kuma yana hannun malamar tarihi. Ta ce za mu kalli fim kan ƙiyayyar da ake yi wa Yahudawa da yadda 'yan siyasa ke cin abinci da ita, kowa ya yi sharhi a gaban aji.

Aka kashe fitila. Ga azumi, ga sanyin ɗaki, ga kujera mai laushi. Ban san lokacin da barci ya mayar da ni garinmu Maraɗi ba, ina kwance a tsakar gida, Inna na dama fura, rana na ratsowa ta ganyen bishiya. Nakan farka in ga fuska a allo, in sake lulawa. Mutum biyu na riƙe: wata tsohuwa da ke ba da labarin danginta da aka kashe, idonta a bushe, da wani ɗan siyasa da ke sharɓar kuka kan wahalar Yahudawa yana neman ƙuri'a. (Bayanin malama cewa mutanen gaske ne, ba wasa ba, ya same ni ina Maraɗi.)

Ni kuwa da finafinan Hausa na girma, wa zai gaya mini aktin? Da mako ya zagayo na miƙe ina yauƙi, na ce wanda ya fito a ɗan siyasa gwani ne, amma tsohuwar sam ba ta iya ba, ko ɗigon hawaye babu.

Malama ta nuna bayan ɗaki, ta ce ga baƙuwarmu ta yau. Tsohuwar cikin fim ɗin ce, da sandarta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta yi murmushi ta ce, "Gaskiyarki, 'yata. Ya fi ni iyawa, shi ya sa ya ci zaɓe."

Malama ta ce babu maki sai na sake kallo. Tsohuwar ta gayyace ni gidanta a unguwar Sedgefield, a falonta na kalla, ina kuka tana miƙo mini hankici. Na ci darasin da ƙyar. Tun daga ranar, in na ga mutum ya iya kuka sosai, nakan fara tambaya me yake nema.