Safata a Silin, Surukai a Titi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka zo neman auren 'yata Safiya ba, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Ni mutum ne mai son tsari. Da muka koma gidanmu na unguwar Edmonton, nan ƙasar Turawa, na ga tsohon ramin murhu a bangon falo, sai na sayi murhun ƙarfe na itace don ɗumama gida. Maman Safiya ta ce, "Malam, a kira masu aikin su duba bututun hayaƙin." Na ce mutumin da ya girma gaban murhu a Katsina ba Bature ne zai koya masa wuta ba. Da farko na share ramin. Na biyu na shimfiɗa dutse a ƙasa. Na uku na zura bututun murhun a cikin na gidan, na liƙe. Leƙa can sama ne kawai ban sa a tsarin ba.

Na ajiye kunnawar farko sai ranar baƙi, don su san gidan da suka shigo. Dangin yaron suka iso daga unguwar Woolwich, baffansa Alhaji Sani a gaba. Na kunna, na rufe ƙofa, na fara nasiha (ƙanena da ya kamata ya karɓe su yana gida Najeriya).

Na lura falon ya ɗan yi duhu, na ce turaren wutar Maman Safiya ne. Ina kan batu na biyu na ga hawaye a idon Alhaji Sani. Wallahi daɗi na ji, na ɗauka maganata ce ta ratsa shi, na ƙara murya.

"Alhaji, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Malam. Gida ya yi ɗumi, masha Allah," ya ce, yana tari cikin hannun riga.

Ku duba fa! Dattawa masu furfura, hayaƙi na shaƙe su, amma kara ta hana ko ɗaya ya buɗe baki, wai kada su kunyata uban yarinya.

Safiya ce ta banko ƙofa, ita da aka ce kada a ga ko ƙeyarta. "Baba, get out! Kowa ya fita, na kira 'yan kwana-kwana!"

Haka muka jeru a titi da manyan riguna, babu takalma, maƙwabta na leƙe. Jami'ar kwana-kwanar da ta duba ta ce an toshe bututun daga sama tun kafin mu tare a gidan, kuma da mun ƙara jimawa da sai dai a ɗauko mu. Sannan ta ɗaga wani abu da yatsa biyu.

"Wa ya rufe na'urar gano hayaƙi da wannan?"

Safata ce, mai huji a dunduniya. Ni na ɗaure ta a silin tun bara, saboda na'urar na ihu duk lokacin da aka sa turare.

Alhaji Sani ya kalli safar, ya kalle ni. "Malam, ka tsaya ne a batu na biyu."

An dai yi auren. Ƙwararre ya zo ya buɗe bututun, ya sake aikin, aka sanar da council, wato ƙaramar hukuma, aka ƙara na'urar gano iskar guba. Yanzu tsarina ya canza: na farko a duba sama. Na biyu, in suruki ya ce maka gida ya yi ɗumi, tashi ka buɗe taga.