Rasuwar 'Yar Maska, Wuƙar Shitu Maƙeri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Sama'ila, tsohon malamin makaranta mazaunin Dayi, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wuƙarsa, wadda aka fi sani da 'Yar Maska. Ta rasu ranar kasuwa, da rana tsaka, a bakin titi, tsakanin dutse da guduma, a gaban taron da babu wanda ya kawar da kai a cikinsa. Mai ita ne ya kashe ta da hannunsa. Ya ce a faɗi haka tun daga farko, don kada masu zuwa gaisuwa su wahalar da kansu da raɗe-raɗi.

An haifi marigayiya a maƙerar Shitu Maƙeri da ke Maska, daga ƙarfen sifirin ɗin wata motar auduga da ta faɗi a hanyar Funtua. Ta sha wuta, ta sha masaba, aka tsoma ta a ruwa tana jawur. Aka yi mata ƙota da ƙahon sa, aka naɗe da wayar tagulla, baduku ya ɗinka mata jan kube. Shitu bai kai ta kasuwa ba. Cikin kayan ɗakin 'yarsa Rabi'atu ya sa ta, ranar da aka kawo Rabi'atu gidan Malam Sama'ila. Da Allah Ya karɓi Rabi'atu, dangi suka raba kwanuka da zannuwa, aka bar wa mijin wuƙa, don a ganinsu ita ce mafi ƙarancin daraja.

Marigayiya ba mai yawan magana ba ce. In an zare ta daga kube sai ta ce sul, in an ɗora ta a dutsen wasa sai ta yi ta shas, shas, kamar tsohuwa mai jan carbi. Ba ta taɓa komawa wuyan rago sau biyu ba. Ta fille kan kububuwa a ƙofar rumbu, kan ya faɗi yana ta cizon ƙasa. Ta farka cikin saniyar da kumburi ya kayar, aka fid da iska, saniyar ta tashi. A unguwar, ragon suna da ita ake yankawa, ko da mijin mai jego yana da wuƙaƙe goma, saboda an ce hannunta da albarka. Ba a taɓa sa ta a jikin ɗan Adam ba.

Kyanta ya jawo mata masu neman sanin asali. Wani Alhaji Awaisu, dillalin tsofaffin takubba da wuƙaƙe, mai kai wa masu rataye su a bango, ya taɓa zuwa ya jujjuya ta ya ce ƙirar Bida ce. Abokin tafiyarsa ya shinshina kuben ya ce Agadas. Rabi'atu na da rai a lokacin. Daga bayan ƙyaure ta ce, “Alhaji, ubana ya ƙera ta, hatiminsa na ciki.” Shitu yana buga alamar ƙafar zabo a fili a kan garma da fartanya da adda, amma a wuƙa yakan ɓoye ta a wutsiyar ƙarfen da ƙota ke rufewa, domin a cewarsa garma gona take zuwa, wuƙa kuwa Allah kaɗai Ya san inda za ta kwana. Duk mai son ganin alamar sai ya fasa ƙotar. Malam Sama'ila bai taɓa gani ba. Ya yarda da maganar matarsa, shi ke nan.

Ciwon ajali ya fara ne daga aro. Buba, Bafulatanin da ke kiwon shanun Malam Sama'ila guda biyu, matarsa ta haihu, ya zo ya karɓi wuƙar kamar kowa. Washegarin suna ya taso zai maido ta, da cinyar rago a leda ta Malam. A mararraba 'yan sa-kai suka tare shi. Ba a ce ba su da ciwo ba. A makon ne 'yan bindiga suka shiga wani ƙauye kusa suka yi kisa, kuma shugaban 'yan sa-kan, wani mai suna Jibo, ƙaninsa na cikin waɗanda aka binne. Suka laluba Buba, suka sami wuƙa mai ƙotar ƙaho da nama mai jini, nan take bakin titi ya cika da masana. Wani ya ce irin wannan ƙirar a dajin Zamfara ake yin ta. Wani ya rantse ya ga irinta a ƙugun wanda ya sace shanun kawunsa.

Kafin labari ya kai gidan Malam Sama'ila, an ɗaure Buba ta baya da igiyar babur. An dake shi da gora da gindin bindiga. Jibo ya yi ta zabga masa faɗin adda a fuska har haƙoransa suka zube a kwalta, yara na tsallake su. Idonsa na hagu ya riga ya fashe. Da tsohon ya sauka daga kan acaɓa, wani yana mirgino taya, wani ya tafi neman fetur.

“Baba, koma gida,” in ji Jibo. “Wannan ƙirar daji ce. Dubi ƙahon.”

“Ƙirar Maska ce. Surukina ya ƙera ta, ni na ba shi aro.”

“Kowa da surukinsa, Baba. Ina shaida?”

Shaida na cikin ƙota, in har Rabi'atu ta faɗi gaskiya, in har Shitu bai manta ba ranar. Malam Sama'ila ya karɓi guduma wajen mai faci, ya kwantar da marigayiya a kan dutse. Dukan farko ya tsaga ƙahon, wayar tagulla ta riƙe. Ya sake duka, ta ƙi saki, domin Shitu ba ya aikin wasa. Ya ji warin fetur a bayansa, ya ɗaga guduma da hannu biyu, hannun tsufa ya kauce. Marigayiya ta yi maganarta ta ƙarshe, ta ce ƙas, ta karye gida biyu, ƙahon ya tarwatse.

A wutsiyar ƙarfen, inda rana ba ta taɓa gani ba, ga ƙafar zabo raɗau. Malam Sama'ila ya kama addar da ke hannun Jibo ya juya ta. Kusa da ƙota, ƙarƙashin jinin Buba, ga ƙafar zabo. Addar uban Jibo ce, da ita aka share gonar da ta ciyar da shi. Jibo ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya ce, “To a kwance shi. Amma ya kiyaye.” Bai faɗi abin da za a kiyaye ba. Masana suka watse ɗaya bayan ɗaya. Cinyar ragon ma ba a sake ganinta ba.

Buba yana da rai. Yana kwance a asibiti a Malumfashi da karyayyun haƙarƙari, ido ɗaya, da dasashi. Da ya farfaɗo ya ga tsohon a gefen gado, abin da ya fara fitowa daga kumburarren bakinsa shi ne, “Malam, wuƙarka fa?” Malam Sama'ila ya ce, “Ta riga mu. Sha ruwanka.”

Marigayiya ta rasu ta bar jan kube, wanda yanzu yake kwance baki buɗe kamar maraya, da dutsen wasa da ta rarake tsakiyarsa. Ta bar 'yan uwa na jini, garemani da fartanyoyi da adduna, warwatse daga Maska har Musawa, ciki har da wadda aka ambata a sama, wadda iyali ba sa neman gaisuwarta. Ta bar Talha ɗan Shitu, mai walda a Funtua, wanda ya yi tayin haɗa ta. An gode masa. Wuƙar da aka yi wa walda tana iya zama a bango, ba ta iya shiga wuyan rago, kuma marigayiya ba ta taɓa zaman bango ba.

An tuntuɓi liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma iyali ba su yi gardama ba. Za a naɗe gutsattsarin a kubensu a binne bayan rumbu ranar Alhamis bayan la'asar, ba tare da taro ba. Ba za a yi zaman makoki a gidan Malam Sama'ila ba. Duk mai son yin ta'aziyya ya wuce ɗakin maza na asibitin, gadon da ke kusa da taga. Waɗanda suka halarci rasuwar a bakin titi su ma ƙofa a buɗe take gare su, sai dai su ajiye adduna a waje. A zo da kunu ko fura mai ruwa-ruwa, domin mai karɓar gaisuwar ba shi da abin tauna.