Ranar da na lashi ƙasar gindin maje

Ko da zan manta da ranar da aka miƙa mini takardar digirina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na lashi ƙasa a gaban malamata da ɗalibai har bas guda ba. Da bakina, da hankalina, babu wanda ya sa ni.

Lokacin ina digiri na biyu a Zariya, bincikena kuma a kan malam-buɗe-littafi ne: me suke sha, wace bishiya suke so, me ya sa suke sauka a nan su ƙi can. (Na san abin da kake rayawa a ranka. Mutanen Birnin Gwari sun riga ka faɗa.) Da yake ni ɗan garin ne, sai na zaɓi bakin dajin Kamuku ta wajen Gayam. A shekarun nan daji bai lalace ba, abin tsoro bai wuce maciji da facin taya ba. Kullum sai hantsi ya dubi ludayi nake hawa babur ɗin yayana, da raga a kafaɗa da malafa a ka, domin su waɗannan bayin Allah ba sa fita aiki sai rana ta yi zafi. A nan dai halinmu ya zo ɗaya.

Sati uku ina gudu cikin ƙaya babu abin kirki. Rannan na je neman inuwa a gindin wani babban maje, sai na yi turus. Ga su nan a ƙasa, farare da masu ruwan ɗorawa, sun fi ɗari, sun jeru kafaɗa da kafaɗa kamar ana rabon taki. Ƙarshen bazara ne, ko'ina a bushe ƙamas, amma wannan ɗan wuri da bai fi faɗin tabarma ba, da danshinsa. Washegari na dawo, suna nan. Jibi ma haka.

Daga nan kaina ya fara rawa. Na san a littafi cewa mazansu kan tsotsi gishiri daga ƙasa mai laima su kai wa matan, kamar dai kayan sa rana. Abin tambaya shi ne, daga ina gishirin yake? Na ɗaga kai, na ga ƙaro yana tsatsafowa daga jikin majen. Shi ke nan! Na yanke hukunci cewa bishiyar ce ke fitar da wani ruwa ta saiwarta don ta kira su. Babu wanda ya taɓa rubuta wannan. Ni ne na farko. A kan babur ranar har waƙa na yi, ina gwada yadda sunana zai zauna a bakin Turawa.

Duk abin da na gani kuma sai ya zama hujja. Wurin a share yake tas kamar tsakar gidan amarya? Na rubuta cewa ruwan saiwar ne ke hana ciyawa fita. Wani ɗan wari yana tashi? Na rubuta “ƙamshin ƙaro mai ƙarfi”. (Ni da na taso ina wucewa ta bayan tasha kullum, a ce ban gane zarni ba. Son zuciya har hanci yake toshewa.)

Akwai wani dattijon Bafillatani, Baffa Manu, da rugarsu ke can gangaren rafi. Wata rana ya zo wucewa ya tarar da ni kwance rub-da-ciki ina ƙirge. Muka gaisa, ya dogara sandarsa ya daɗe yana kallona.

“Malam, waɗannan kake wa gadi?”

“Bincike nake, Baffa. Ina neman abin da ke kawo su nan.”

“Ayyo. Ai in wannan ne...”

“Baffa, don Allah a hankali, kar su tashi. Harka ce ta ilimi, tana da ɗan zurfi.”

Ya ce, “To, Allah ya ba da sa'a,” ya saɓa sandarsa ya wuce.

Na rubuta wa malamata rahoto shafi tara. Farfesa mace ce da ba a taɓa jin dariyarta a sashenmu ba. In ta ce aikinka “ba laifi”, sai ka je ka yi sadaka. Babi biyu ta riga ta dawo mini da su da jan biro, ta kuma gaya mini in na uku ya zo haka, sai dai in nemi wani mai duba ni. Amma wannan karon ta kira ni da kanta, ta ce za ta zo ta gani da idonta, kuma za ta taho da 'yan aji huɗu su koyi yadda ake aikin daji.

Su koya a wurina! Na kai shaddata wurin mai guga. (E, shadda. Zuwa daji. Bar ni kawai.)

Suka iso a jigace, hanya ta gama girgiza su. Na shige gaba ina baza hannu kamar dajin gadon gidanmu ne. Allah ya taimake ni, ko kuma ya bar ni da kaina, baƙina masu fukafukai sun hallara fiye da kullum. Ɗalibai suka yi ta “kai!” suna ɗaukar hoto. Na tsaya a gindin maje na zuba bayani: saiwa kaza, ƙaro kaza, dangantakar da ke tsakanin tsiro da ƙwaro tun fil azal. Turanci yana fita kamar an buɗe famfo.

Farfesa ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Ka kai ƙasar an gwada?”

“Tukuna, ranki ya daɗe.”

“To ta yaya ka san akwai gishiri a cikinta?”

Da mai hankali ne, da ya ce zai kai gobe. Ni kuwa na dubi idanun da ke kaina, na ji wani ƙarfi ya taso mini. Na tattare shadda na tsuguna, na dangwali ƙasar da yatsa, na ɗora a harshe. Ban tsaya nan ba. Na lumshe ido, na juya ta a baki kamar mai sayen zuma.

“Ga shi nan ƙarara, ranki ya daɗe. Gishiri-gishiri, da ɗan ɗaci daga ƙarshe. Har da kamar kanwa-kanwa.”

Na sake dangwalowa, don a tabbatar. Wata ɗaliba har ta rubuta.

Ana haka sai ga sallama. Baffa Manu ne, ya hango bas ya zo ganin ko lafiya. A bayansa wani farin bijimi ne ƙato yana ɗingishi, yana bin sa kamar raƙumi da akala. Ɗalibai suka dare. Bijimin bai kalli kowa ba. Ya taho tiryan-tiryan, ya raɓa ni, ya tsaya daidai kan wurin bincikena, ya gyara tsayuwa.

Sannan ya saki.

Jama'a, ban san sa yana da ciki haka ba. Shaaa, kamar an fasa randa. Baƙina suka tashi sama fir, suka yi shawagi kaɗan, kafin ya gama har sun fara sauka da murna, wasu ma a gefen kumfa.

 

Farfesa ta gaida Baffa da ladabi, ta ce, “Baffa, ya saba zuwa nan ne?”

“Ai nan ne ɗakinsa, Hajiya. Tun da ya ji ciwo a ƙafa ba ya bin garke. Da sassafe nake ɗaure shi a nan in ba shi ruwan kanwa, in share wurin saboda ƙuda, in rana ta ɗaga in kai shi rafi. To kin san kanwa, ba ta zama a ciki.” Ya juyo ya dube ni da tausayi. “Na so in gaya wa Malam rannan, ya ce abin da zurfi.”

Yatsana yana nan a tsaye, da sauran ƙasa a jiki. Wani daga baya ya ce a hankali, “Ashe dai ya gane kanwar.”

Abin da ya fasa taron ke nan. Wani ya faɗi a kan ciyawa, wata ta rungume bishiya, direba ya bar bas ya zo yana tambaya a maimaita masa. Farfesa kuwa ta juya baya, ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa, har ta cire tabarau tana share hawaye. Ni ne ɗalibin farko da ya sa ta dariya, kuma da a ce an ba ni zaɓi, da na bar wa wani wannan lambar. Baffa, mutumin kirki, shi kaɗai ne bai yi ba. Butarsa ya miƙo mini. “Kurkure, Malam. Ba ya kisa.”

Da ta samu numfashi, Farfesa ta ce, “Harshenka ya yi daidai, kanka ne ya kauce. Yaga shafi taran nan. Ka zauna da Baffa ya nuna maka duk inda shanu ke tsayawa a dajin nan, ka ga ko su ma suna bi.”

Haka aka yi. Damina guda ina bin Baffa a baya, bakina a rufe, yana nuna mini burtali da mashaya da makwantar shanu, kuma kusan duk inda ya nuna, ga su nan. Da wannan na samu digirin, da shi nake cin abinci har yau.

Amma labari ya riga ni isa gida, albarkacin direba da ya tsaya shan mai a gari. Ina shiga, Inna ta ɗaga kofin da nake shan ruwa da shi ta ajiye can gefe guda.

“Wannan naka ne daga yau,” in ji ta. “Mu ba mu yi boko ba.”

Yanzu ni ma ina da ɗalibai, kuma kafin in sake su daji nakan ba su shawara biyu kyauta. In ka ga abin mamaki, fara neman wanda ya riga ka zuwa wurin da safe, ka bar shi ya kai ƙarshen maganarsa. In kuma ba ka same shi ba, to ka zuba ƙasar a kwalba. Kwalba ba ta da uwar da za ta ware mata kofi.